Me Ya Sa Kiristoci Ke Ziyarar Makabarta A Watan Nuwamba?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Kafanchan, ya rubuto yana cewa kowace shekara bayan an yanke gero yakan ga maƙwabtansa 'yan Katolika suna zuwa makabarta da kyandir. Yana son sanin asalin wannan al'ada.

AMSA: To malam, mun gode da wasiƙarka. Asalin abin daga Turai yake. A can, watan Nuwamba ƙarshen kaka ne: an kwashe amfanin gona, ganyen itatuwa ya zube, dare ya fi rana tsawo, hunturu na ƙofa. Yadda kai ma idan ka dubi gona bayan girbi, ba komai sai kara, zuciyarka takan raya maka cewa komai mai ƙarewa ne, haka su ma wannan lokaci yake tuna musu da mutuwa.

Ranaku biyu ne a jere. Ta farko, 1 ga Nuwamba, ita ce ranar dukan tsarkaka, wato bayin Allah da suka yi imanin sun riga sun shiga aljanna. An wajabta ta a daular Faransawa a shekarar 835, zamanin Fafaroma Giregori na 4. Ta biyu, 2 ga wata, ta sauran mamata ce. Odilo, shugaban gidan sufaye na Kuluni a Faransa, shi ya tsayar da ita kimanin shekara 1000 da suka wuce, ya ce a yi wa mamata addu'a, a kuma yi wa talakawa sadaka. 'Yan Katolika sun yi imanin cewa akwai mamatan da ake tsarkakewa kafin su shiga aljanna, kuma addu'ar masu rai tana amfanarsu. Shi ya sa ake share kaburbura, a kunna kyandir. A Polan, makabartu sukan yi haske kwana guda cur.

Amma ka sani, ba duka Kiristoci ke yin haka ba. Mafi yawan 'yan Furotesta ba su yarda da wannan tsarkakewa ba. A Jamus suna da tasu ranar, Lahadin mamata, wadda ke faɗowa tsakanin 20 da 26 ga Nuwamba. Sarkin Furushiya, Firidirik Wilham na 3, ya kafa ta a 1816, bayan yaƙe-yaƙen Nafoliyan da suka ci rayuka masu yawa. A ranar akan karanta sunayen waɗanda suka rasu a cikin shekarar, ɗaya bayan ɗaya, don ta'aziyya ga iyalansu da wa'azi ga masu rai.

Saboda haka malam, idan ka ga maƙwabcinka ya nufi makabarta a ranar, iyayensa ko ɗansa ya je tunawa. Ka yi masa gaisuwa kamar yadda aka saba, domin mutuwa rigar kowa ce. Da fatan ka gamsu. Allah ya sa mu cika da kyau.