Yadda Ake Taimaka wa Manya Masu Otizim da ADHD Su Riƙe Ayyukansu na Yau da Kullum

Yaron da aka haifa da otizim, wanda wasu ke kira galahanga, ba ya ajiye abin a ƙofar makaranta ranar da ya kammala. Da shi zai nemi aiki, da shi zai yi aure, da shi zai riƙe gida. Haka mai ADHD, wanda hankalinsa ke wahalar tsayawa kan abu ɗaya, da mai disleksiya da karatu ke ba wuya, da mai dispraksiya wanda hannu da ƙafa ba sa bin umarninsa yadda yake so. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da 'yar Ostiraliya Judy Singer da wasu masu otizim suka yaɗa ra'ayin, ana ƙara ɗaukar waɗannan mutane a matsayin masu ƙwaƙwalwa mai aiki ta wata hanya dabam, ba marasa lafiyar da ake jiran su warke ba. Kuma suna da yawa. Littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 2.5 cikin ɗari na manya suna da ADHD.

Akwai fannin lafiya da ya dace da buƙatarsu, shi ne jiyyar ayyukan yau da kullum. Mutane kan haɗa shi da gashin ƙashi, alhali kowanne da inda ya dosa. Mai gashi ya fi damuwa da ko gwiwa tana lanƙwashewa. Shi kuwa wannan, damuwarsa ko mutum yana iya wanka, girki, cefane, zuwa wurin sana'a a kan lokaci, ziyarar dangi da samun barci. An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a 1917 a garin Clifton Springs na jihar New York, ta bunƙasa wajen kula da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Farko, sannan aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a 1952.

Aikin yana farawa ne da tambaya, kuma mai matsalar ne ke zaɓar abin da za a gyara. Akwai ma'aunin da aka fitar a Kanada a 1991, ana kiransa COPM. Mutum zai lissafa abin da ke hana shi sakat, ya zaɓi guda biyar ko ƙasa da haka, ya ba kowanne maki daga 1 zuwa 10 sau biyu: yadda yake iya yinsa yanzu, da yadda ya gamsu da hakan. A ɗauka wani tela ne mai ADHD. Iyalinsa na iya cewa matsalarsa surutu da yawan mantuwa. Shi kuma ya ce abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne duk jajibirin salla sai ya saɓa alkawarin ɗinki, alhali ya fi maƙwabtansa iya aiki. To, daga nan za a kama.

Sai kuma kallo. Mai jiyyar zai so ya ga shagon, ko a kwatanta masa shi dalla-dalla, domin tsarin da Mary Law da abokan aikinta suka bayyana a 1996 ya ce abu uku ke haɗuwa kafin aiki ya yiwu: mutumin, wurin da yake, da shi kansa aikin. Idan aka warware ɗinkin riga ɗaya, sai a ga matakai ne birjik: karɓar yadi, awo, rubuta ranar karɓa, yanka, sayen zare, kai wa mai aiki, guga. Wataƙila telan nan ba ya tuntuɓe ko'ina sai wuri biyu. Yana riƙe ranakun alkawari a ka, kuma duk yadin da ya shiga leda ya fita daga ransa. Gano wannan ya fi a shekara ana ce masa ya riƙa mai da hankali.

Inda ake daɗewa, musamman ga masu otizim, shi ne batun gaɓoɓin ji. Jean Ayres, wata masaniyar fannin a Amurka, ita ce ta fara zurfafa bincike a kai tun shekarun 1960. A 1997 Winnie Dunn ta kasa mutane gida huɗu: wanda abu kan wuce shi bai lura ba, wanda ke neman ƙarin motsi da ƙara, wanda ƙaramin abu ke damu, da wanda ke gujewa tun kafin abin ya iso. Daga nan aka samar da takardar tambayoyi 60 ta matasa da manya a 2002. Ba gani da ji da taɓawa kaɗai mai jiyyar ke dubawa ba, har da yadda jiki ke sanin daidaituwarsa da yadda yake jin yunwa, ƙishi ko gajiya. Akwai wanda zai wuni bai ci komai ba, ba don azumi ba, sai don cikinsa bai sanar da shi da wuri ba. Akwai ma'aikaciyar da ƙarar janareta, walƙiyar fitilar ofis da turaren abokiyar zama ke gajiyar da ita kafin azahar, ta koma gida ba ta iya magana da kowa, a ce mata mai girman kai.

Bayan an fahimci wannan ne ake gyara, kuma sau da yawa wurin ake fara taɓawa kafin mutumin. Ga telan: allo a bango mai ɗauke da suna da rana, rataye kowane yadi a fili da takarda a jikinsa, agogon waya mai ƙara idan lokacin sauya aiki ya yi, da ƙa'idar cewa ba ya karɓar sabon ɗinki sai ya dubi allon. Ga ma'aikaciyar: tebur nesa da janareta, abin toshe kunne, umarni a rubuce maimakon na baki, da 'yan mintunan kaɗaici bayan taro. Ana kuma koyar da dabarar da Helene Polatajko da Angela Mandich suka tsara a Kanada domin yara masu dispraksiya, wadda manya ma ke amfana da ita: ka faɗi burinka, ka tsara, ka yi, ka duba. Idan bai yiwu ba, tsarin za a sauya, ba zagin kai za a yi ba.

A nan ne ake bambanta gwani da wanda bai san aikin ba. Mai otizim kan kaɗa jiki, ko murza yatsu, ko kauce wa haɗa ido, kuma da yawansu sun bayyana cewa hakan na kwantar musu da hankali. Wanda ya sa hana waɗannan a gaba, don kawai mutum ya yi kama da kowa, ya ɓata lokaci, ya kuma ƙara masa nauyi. Manya da dama sun shekara suna ɓoye halinsu a gaban jama'a har ƙarfinsu ya ƙare, su kasa abin da a da suke yi cikin sauƙi. Irin wannan mutum rage masa kaya ake yi tukuna. Sai dai idan motsin yana cutar da shi, kamar buga kai a bango, sai a nemo masa wani madadi.

Kada kuma a ɗora wa fannin abin da ba nasa ba. Mai jiyyar ayyuka ba ya rubuta magani, wannan na likita ne, kuma maganin ADHD yana taimakon mutane da yawa. Yawancin binciken da aka yi kan gaɓoɓin ji a kan yara aka yi shi, don haka wanda ya zo yana tallan bargo mai nauyi ko wata na'ura da alkawarin warkewa, a saurare shi da kunne ɗaya. Abin da ke tsare mutum daga ruɗi shi ne komawa ga makin farko bayan wasu makonni. Masu ma'aunin COPM suna ɗaukar ƙarin maki 2 a matsayin canjin da ya isa a ambata. Idan telan ya tashi daga 3 zuwa 6, a ci gaba. Idan yana nan a 3, a sake shiri.

Gyaran wurin aiki yana da madogara a doka a wasu ƙasashe: Amurka tun 1990, Birtaniya a dokarta ta daidaito ta 2010. A Najeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a watan Janairun 2019, amma ƙwararrun fannin ba su da yawa, kuma an fi samunsu a manyan asibitocin koyarwa da na ƙwaƙwalwa da na ƙashi. Mai karatu, idan kai ne ko wani naka ke buƙata, ka nemi likita ya tura ka sashensu, ka tabbatar wanda zai duba ka yana da rajista, sannan ka tafi da abubuwan da suka fi wahalar da kai a rubuce.