Hafsan Soja a Fagen Bincike: Darasi daga Gonakin Noman Rani na Kura da Bunkure

Gabatarwa

Hafsan sojan Nijeriya da ke neman manyan muƙamai kan bi ta Kwalejin Horas da Hafsoshi ta Jaji, wadda aka kafa a 1976, da kuma Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja, wadda aka buɗe a 1992. A duka biyun ana buƙatar ya gabatar da rubutaccen bincike. Sai dai rubutun da ya saba da shi a bariki na umarni ne da rahoto, inda muƙamin marubuci ke ba magana nauyi. A rubutun ilimi kuwa hujja ce kaɗai ke yin wannan aiki. Wannan maƙala ta ɗauki yankin noman rani na Kura da Bunkure a matsayin misali, domin nuna matakai uku da ke kai hafsa ga wannan ƙwarewa.

Taƙaita Matsalar Bincike

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir a Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Hafsan da ya zaɓi "ƙarancin abinci da tsaron ƙasa" ya ɗauko kayan da suka fi ƙarfin kundi guda. Idan kuwa ya tambayi yadda ake raba ruwa tsakanin manoman bakin magudana da na ƙarshenta, da kuma wanda ke sasanta su idan saɓani ya taso, ya sami tambayar da za ta amsu. Dangantakar wannan batu da tsaro a fili take: a 1980 rikicin diyyar gonaki a madatsar Bakolori ya kai ga 'yan sanda sun buɗe wa manoma wuta, aka yi asarar rayuka.

Auna Hujja

Mataki na biyu shi ne tantance madogara. Rahoton hukuma kan nuna faɗin filin da aka tsara shayarwa, manomi kuma ya san ranar da ruwa ya iso gonarsa. Wajibi ne mai bincike ya gwada ɗaya da ɗaya, sannan ya duba nazarce-nazarcen da suka gabata, irin na Tina Wallace a kan wannan shiri a shekarun 1970, da littafin Andrae da Beckman na 1985 game da alkama a Nijeriya. Haka kuma kaki kansa yana shafar amsa, domin wanda ke jin tsoro kan faɗi abin da yake zaton ana son ji. Don haka neman yardar mai ba da bayani da sakaya sunansa na cikin sharuɗɗan ingancin sakamako.

Harshe da Fassara

A nan ne manazarta Hausa ke da rawar takawa. Hira da manoma da Hausa ake yin ta, amma da Ingilishi ake rubuta kundin. Kalmomin gado da saye da aro da haya da jingina kowace na nuna nau'in haƙƙi dabam a kan gona. Wanda ya karɓi jingina yana noma gonar har sai an mayar masa da kuɗinsa, alhali mai haya wa'adinsa na ƙarewa da ƙarewar lokacin da aka yanka. Idan mai fassara ya haɗe su a kalma ɗaya, to bayanin wanda ya cancanci diyya ko kason ruwa ya gurɓata tun daga tushe.

Kammalawa

Kundin hafsa kan ƙare da shawarwari, kuma mai rubuta su na iya zama wanda za a tura gobe ya kwantar da rikicin manoma da makiyaya. Saboda haka ya dace sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su haɗa gwiwa da kwalejojin soja wajen koyar da dabarun hira da fassarar keɓaɓɓun kalmomin gona da ruwa.