Kusar Sifirin In Ta Cije, Dabara Ta Fi Guduma

Sanin kowa ne cewa motar ɗaukar kaya ita ce gonar mai ita, ran da ta kwana a kan jak kuwa, ran nan babu kuɗin cefane. Saboda tsadar gyara, masu akori-kura da yawa sun koyi yin ƙananan ayyuka da kansu a ƙofar gida, tun daga juyen mai har zuwa gyaran birki. Amma akwai wani aiki guda wanda yakan mai da gyaran sa'a biyu ya koma na kwana uku, watau fid da kusar sifirin wadda tsatsa ta cije a cikin bushin.

Galibin ƙananan motocin kaya, tun daga Peugeot 404 da 504 waɗanda suka cika hanyoyin ƙasar nan bayan an buɗe masana'antar haɗa su a Kaduna a 1975, har zuwa Toyota Hilux, sifirin mai falle-falle ne ke ɗauke da bayansu. Fallen sama an naɗe bakinsa biyu kamar zobe, a cikin zoben nan ake dasa bushin, sa'an nan a zura kusa mai noti ta ɗaure shi da ƙashin motar. Bushin ɗin da ya fi ba da wahala shi ne mai hawa uku: bututun ƙarfe a waje, roba a tsakiya, da wani ƙaramin bututu a ciki inda kusa ke ratsawa.

Abin da ke jawo cijewar kuwa ruwa ne. Da damina ruwa da taɓo sukan kutsa tsakanin kusa da ƙaramin bututun, ƙarfe ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri har ninki biyu ko fiye, saboda haka sai ta cika ɗan sararin da ke tsakani, su biyun su zama kamar an yi musu walda. Abin ya fi tsanani ga motocin da suka daɗe a Ikko ko Fatakwal inda iska ke da laima da gishiri, da kuma motocin hannu da ake kawowa daga Turai da Amurka, inda ake barbaɗa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara. Alamar ba ta da wuyar ganewa: noti ya fita, amma in an murɗa kusar da sifana sai ta ɗan juya, da an saki ta komo inda take, domin robar kaɗai ke murɗuwa.

Kafin a taɓa kome, lalle ne mai gyara ya kiyaye ransa, don mota ba ta san mai ita ba. Sai a tsai da ita a wuri mai tauri wanda ba gangare, a sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba, a ɗaga ta, a tokare ƙashinta da ƙafafun ƙarfe ko kututturan katako masu ƙwari. Jak kaɗai ba abin dogara ba ne, haka ma bulon siminti, wanda kan fashe ba tare da gargaɗi ba. Bayan haka sai a sa jak a ƙarƙashin aksul, a yi ta ɗagawa ko saukewa kaɗan-kaɗan har sifirin ya huta. Sau da yawa nauyin da ke danne kusa shi ke riƙe da ita fiye da tsatsa, sifirin da aka kwance yana ɗauke da nauyi kuwa yana iya tsalle ya karya hannu.

Mataki na farko shi ne jiƙo. A kankare wurin da buroshin waya, a zuba man sassauta tsatsa ko kananzir ta ɓangarorin biyu, a bar shi ya kwana, a ƙara da safe. Sa'an nan a mai da noti har ya yi daidai da bakin kusa kafin a doka guduma, gama in an doki bakinta tsirara sai ya baje kamar laima, ta ƙi ratsa ramin har abada. Yana da kyau wani ya tokare ɗaya gefen mariƙin da ƙarfe mai nauyi, domin kada robar ta shanye dukan, ko kunnen mariƙin ya tanƙware.

In an yi wannan ba ta motsa ba, mutane da yawa sukan garzaya wajen mai walda ya kawo wuta. Gaskiya ne zafi yakan sa ƙarfe ya buɗa, ya farfasa tsatsa, amma a nan haɗarinsa ya fi amfaninsa. Tankin mai da bututun birki suna kusa, roba in ta kama wuta hayaƙinta guba ne, sa'an nan ƙarfen sifirin da aka gasa ya yi ja ya rasa taurin da aka ba shi a masana'anta, wata rana sai ya karye a ƙarƙashin lodi. In babban falle ya karye a wajen zobe, aksul yakan goce, motar ta ƙwace wa direba.

Hanyar da ta fi lafiya ita ce yanka. A zura zarton ƙarfe tsakanin zoben sifirin da kunnen mariƙi, a yanke kusar ta gefe ɗaya, a koma ɗaya gefen a yanke. Aikin yana cin lokaci da haƙoran zarto, amma sannu ba ta hana zuwa. Da an gama sai a sassauta jak, bakin sifirin ya sauko da guntun kusar a cikinsa.

Saura fid da bushin. A huda robar da na'urar huda ƙarfe kewaye da ƙaramin bututun har ya fita tare da guntun kusar. Bututun waje kuwa, sai a zura zarto ta cikin ramin, a tsaga shi a tsaye, a tsaya da zarar an ratsa shi don kada a ji wa zoben ciwo, sa'an nan a naɗe shi ciki da kurfi, zai faɗo. Wajen sa sabo ba a bukatar duka. Doguwar kusa da noti, da wasu faifan ƙarfe masu kauri, da guntun bututu sun isa su ja shi ya shiga a hankali, bayan an goge cikin zoben sarai.

Wajen sayen sabuwar kusa ne araha kan yi kisa. A duba kanta, a tabbata akwai lamba 8.8 ko 10.9, daidai da wadda aka cire. Mai 8.8 tana jure jan kusan kilo 80 a kan kowace murabba'in milimita kafin ta tsinke, mai 4.6 ta kafintoci kuwa rabin haka take ɗauka. A shafa giris a jikin kusar don kada ta sāke cijewa, amma kada ya taɓa roba, gama mai yana cin ta. Ɗaurin ƙarshe kuma sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta yage tun ba a je ko'ina ba.

Wanda duk ya ga tsaga a jikin zobe, ko ramin mariƙi ya faɗaɗa, to, aikin ya wuce na ƙofar gida, sai a kai wa makaniki. Kuɗin kusa da bushin ƙalilan ne in an gwada da ran direba, da yaron mota, da 'yan kasuwar da ke zaune a kan buhuna ran kasuwa.