ADON BANGON ƊAKI: GANYEN ROBA KO GANYEN KABA?



In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai bukukuwa su tashi. Ana gyaran ɗakin amarya. Ana yaɓe, ana daɓe, ana jere. Kowace uwa tana son ɗakin ɗiyarta ya fi na kowa kyau.

Yanzu wani sabon ado ya shigo. Shi ne ganyen roba da furen roba. Ana ganin su a Kasuwar Dole ta Damagaram. Ana ganin su a kasuwannin Mirriya, Magarya da Matamai. Mata da yawa a wuraren yaƙi da jahilci suna tambaya: yaya ake kafa wannan ganye a bango? Yana da illa ko babu? Ga amsa dalla-dalla.

ADON BANGO BA BAƘO BA NE A DAMAGARAM

Duk wanda ya zaga unguwar Birni da unguwar Zango ya ga zane a fuskar gidaje. Magini yana yaɓa ƙasa. Tun tana ɗanya yake zana ta, ya sassaƙe, zanen ya fito tudu-tudu. Daga baya a shafa launi. Don ruwa kada ya ci bango, ana gama yaɓe da makuba. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta.

Sarki Tanimu, wanda ya yi sarauta har 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa. Damagaram ce babban birnin ƙasar Nijar a zamanin Turawa har 1926. A 2006 hukumar Nijar ta sa tsohon birnin cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta lissafa cikin kayan tarihin duniya. Zanen gidaje yana cikin abin da baƙi ke zuwa kallo.

Waje aikin magina ne. Cikin ɗaki kuwa aikin mata ne. Kakanninmu sun yi jere da ƙorai da faya-fayai. Iyayenmu sun yi da tasoshi da kwanonin sha masu zane. To ganyen roba sabon abu ne a kan tsohuwar al'ada.

MENE NE GANYEN ROBA?

Ba ganyen itace ba ne. A masana'anta ake yin shi. Robar kuwa daga man fetur ake samun ta. Yawancinsa daga ƙasar Sin yake fitowa, ƴan kasuwa su kawo mana shi.

Iri biyu aka fi gani. Akwai mai kama da yaɗo, dogo kamar igiya. Akwai falle mai kusurwa huɗu, ganye cike a kan raga. Wani falle santimetir 50 ne tsawo, 50 faɗi. Wani 60 ne da 40.

Amfaninsa a bayyane yake. Ba ya son ruwa. Ba ya bushewa da rani. Yana sa ido ya huta, musamman lokacin da daji ya yi fari fat.

Amma mu sani: ba ya ba da inuwa. Ba ya sanyaya ɗaki. Ba ya gyara iska. Ado ne kawai.

A YI LISSAFI KAFIN A TAFI KASUWA

Ga inda karatunmu zai yi mana rana. A ɗauki metir ko igiya a auna wurin.

Falle mai 50 da 50, guda 4 ne ke rufe metir 1 tsawo, metir 1 faɗi.

Bango mai metir 3 faɗi da metir 2 tsawo: 3 sau 2, 6 ke nan. 6 sau 4, 24. Falle 24 zai ci.

Mu ɗauka misali kowane falle jikka 1 ne. Bango duka zai ci jikka 24. Wuri ƙarami mai metir 1 zai ci jikka 4 kawai. Bambanci jikka 20.

Ku tambayi kuɗin falle a kasuwarku. Ku tambayi kuɗin tiyar hatsi. Sai ku lissafa tiya nawa adon zai ci. Wanda ya sayar da hatsin bazara don ado, yunwa za ta same shi cikin ɗaki mai kyau. Kada a ci bashi don ganyen roba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Shawararmu: kada a rufe bango duka. Ado ƙarami ya isa. Ya fi sauƙin kuɗi, ya fi sauƙin tsabta.

YADDA AKE KAFA SHI

Bangon ƙasa ba ya son ƙusa da yawa. Kowace ƙusa tana fasa yaɓe. Cikin tsaga nan ne kyankyaso da ƙazunzumi ke ɓuya. Saboda haka ba a manna ganye a jikin bango. Ana ɗaure shi a kan wani abu, sannan a rataya.

Kayan aiki: ƙaramar tabarma ko asabari, sanda 2 masu miƙewa, zare mai ƙarfi, basilla, igiya, almakashi.

1. A fara duba bango. In akwai hanyar gara, a kankare. In akwai tsaga, a toshe da ƙasa. In rufi yana yoyo, a gyara shi tukuna.

2. A bar bango ya bushe sarai. A shafa farar ƙasa.

3. A ɗaura sanda 1 a saman tabarma, 1 a ƙasa. Haka tabarma za ta tsaya a miƙe.

4. A shimfiɗa ta a tsakar gida. A jera ganye a kai, a duba tsari kafin a ɗinka. Manya a ƙasa, ƙanana a sama. Fure kaɗan a tsakiya.

5. A ɗinke da basilla, kowane taƙi ɗaya a ƙulla. A ja da hannu a gani ko wani zai cire.

6. A ɗaura igiya a bakin sandar sama, dama da hagu. A rataya a jikin azara. In ba azara, a kafa turaku 2 na icce. In bangon siminti ne, ƙusa 2 ta siminti ta isa.

7. A bar tazarar yatsa 2 tsakanin tabarma da bango, don iska ta shiga.

8. A ɗaga shi sama, inda hannun yaro ba ya kai.

Da haka, in ana son sharewa, sai a sauke. In za a tashi, sai a naɗe.

HATSARI HUƊU

Na farko, wuta. Wannan shi ne babba. Roba tana kamawa da sauri. Tana narkewa, tana ɗiga da wuta a jikinta. In ta ɗiga kan katifa ko sange, ɗaki ya tafi. Hayaƙinta kuma guba ne. Lokacin ɗari mata suna shiga da garwashi ɗaki. Ana sa turaren wuta. Ana kunna fitila da maganin sauro. Duk wannan ya yi nesa da ado, aƙalla metir 1. Kada a sa kasko ƙarƙashinsa. Kada a bi da wayar lantarki ta cikin ganye. Kada a rataya shi a kan gado.

In narkakkar roba ta ƙona mutum, a zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Kada a ɓamɓare abin da ya manne a fata. Kada a shafa tawada, ko ƙwai, ko toka. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi gidan likita.

Na biyu, sauro. Sauron da ke kawo masassara da dare yake cizo. Da rana yana laɓewa cikin ɗaki, a wuri mai duhu, bayan kaya da tufafin da aka rataya. Ganye mai yawa a bango masauki ne gare shi. Saboda haka da damana a sauke adon, a naɗe, a ajiye har kaka ta wuce. Kowa ya kwana cikin sange, musamman yara da mata masu ciki.

Na uku, ƙura da ƙwari. Lokacin hunturu ƙura tana taruwa a kan ganye. Mai tari da mai ciwon ƙirji suna wahala. Gizo-gizo da kunama ma suna son wuri irin wannan. Kowane mako a sauke, a fitar waje, a kakkaɓe da sanda. Kada a sa hannu bayansa ba a duba ba. Kowane wata a kwance a wanke da ruwa da sabulu. A shanya a inuwa, don rana tana koɗar da roba, ta sa ta karairaya.

Na huɗu, yara da bisashe. Ƙaramin yaro kome ya samu baki yake kaiwa. Ɗan ganye ko ɗan fure zai iya maƙale masa a wuya. Abin da ya faɗo ƙasa a tsince nan take. In adon ya tsufa, kada a zubar a juji. Akuya da tunkiya suna cin roba. Ba ta narkewa a tumbi. Dabba ta yi ta ramewa har ta mutu. Mahauta sun sha ganin wannan. Kada kuma a sa shi a murhu. Kada a kai shi gona tare da taki, don roba ba ta ruɓewa. A ajiye wuri ɗaya, a binne cikin rami mai zurfi nesa da rijiya. Mu tuna, saboda ɓarnar roba ne a ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta kafa dokar hana leda maras kauri.

GANYEN DA ZA MU YI DA HANNUNMU

Akwai hanya da ba ta cin kuɗi sosai. Ita ce kaba. Masu saƙar tabarma sun daɗe da sanin rina ta.

1. A samo busasshiyar kaba mai faɗi. A jiƙa ta ta yi laushi.

2. A tafasa ruwa da tsanwar galura cikin tsohuwar tukunya. Kada a ƙara dafa abinci a cikinta.

3. A tsoma kaba har ta kama launi. A tsamo da sanda. A shanya a inuwa.

4. A yanka ta gunduwa-gunduwa, kamar tsawon yatsa ko taƙi. A fiƙe baki biyu da almakashi, ta yi siffar ganye.

5. A tufka igiya siririya, ta zama reshe. A soka ganye dama da hagu, a ƙulle.

6. Fure kuma a yi shi da ragowar ƙyallen tela, ja ko rawaya. A naɗe, a ɗinke gindi.

Mai son launin gargajiya, karan dafi yana ba da ja. Saiwar rawaya tana ba da ruwan ɗorawa. Baba yana ba da shuɗi.

Kaba ma tana cin wuta, tana tara ƙura. Duk gargaɗin da muka yi ya shafe ta. Amma in ta tsufa taki ce, ba ta kashe dabba. Kuma kuɗin yana zama a garinmu. Ƙungiyar mata za ta iya yin wannan ado ta kai kasuwa lokacin biki.

Sai dai a yi hankali wurin yanka. Kaba ɗiyar goriba ce. In aka yanke ta ƙarƙaf kowace shekara, ba za ta zama itace ba. A ɗebi ganyen gefe, a bar na tsakiya.

ZANE A JIKIN BANGO

Hanya ta uku ita ce ta fi duka lafiya. Ba ta cin wuta. Ba ta ɓoye sauro. A zana ganyen a bango kawai.

A shafa farar ƙasa, ta bushe. A samo ganyen mangwaro ko na ɗurumi. A ɗora kan kwali, a bi gefensa da fensir, a yanke cikin. A dama garin launi da ruwa, a sa ɗan jiƙaƙƙen ƙaro don ya kama. A dafa kwali a bango, a danna launi da soso ko tsumma. A ɗaga, ganye ya fito. A yi ta maimaitawa. Daga ƙarshe a ja reshe da gashin kaza.

A fara gwadawa a bangon waje. Hannun da ya koyi rubuta baƙi zai iya zana ganye. Wadda ta iya rubutu ma tana iya sa sunanta da shekara a ƙasa.

TSANWA TA GASKIYA

Dattawa suna faɗi cewa sarakunan Damagaram sun hana saran gawo, da horo mai tsanani. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Magarya, Matamai da Mirriya sun koma barin ƴan itatuwa su tashi a gonakinsu. Ana kiran wannan sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 ta wannan hanya. Ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ita ce kuma ranar dashen itace.

Saboda haka wanda ke son tsanwa, kada ya tsaya a bango. Ya dasa zogala a bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke zuba. Ya dasa lalle ko bedi a tsakar gida. Ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Zogala za ta ba da miya. Bedi zai ba da inuwa. Ganyen roba ba zai ba da ko ɗaya ba.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA A WURIN KARATU

1. Falle nawa mai 50 da 50 zai rufe wuri mai metir 2 faɗi, metir 1 tsawo?
2. Don me ba a manna ganye a jikin bangon ƙasa?
3. Wane lokaci ya kamata a sauke ado? Don me?
4. Wane irin adon ɗaki ake yi a garinku tun dā?

Ku tattauna da malaminku. Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Wanda ya gwada ɗaya daga cikin hanyoyin nan, ya rubuto mana da hannunsa ya gaya mana yadda ta kasance. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.