Valium: Dokar da Ta Tsaya a Ƙofar Kemis

Lokacin da kamfanin Hoffmann-La Roche ya fito da Valium a 1963, daga binciken Leo Sternbach, likitoci sun karɓe shi hannu bibbiyu. Magungunan barcin da ake da su a wancan zamani kan halaka mutum idan ya ɗan zarce ƙima, shi kuwa sabon ana ganin ba shi da wannan haɗari. Daga 1969 zuwa 1982 babu maganin da aka fi rubutawa a Amurka kamarsa. Sai da tafiya ta yi nisa aka gane cewa wahalarsa tana wajen rabuwa da shi.

Diyazafam, ainihin sunan maganin ke nan, yana ƙara wa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi, wanda aikinsa kwantar da jijiyoyi. Idan aka jera makonni ana sha kullum, ƙwaƙwalwa takan saba, ta rage nata ƙoƙarin. Ranar da aka yanke shi kwatsam sai fargaba, rashin barci da karkarwa su taso, wani ma har jijjiga. Abin lura shi ne, wannan kan sami wanda bai taɓa ƙetare umarnin likita ba. Shi ya sa a 1988 kwamitin kula da amincin magunguna na Birtaniya ya ba da shawarar kada a wuce mako biyu zuwa huɗu, kuma a 2020 hukumar FDA ta Amurka ta tsananta gargaɗin da ke jikin kwalinsa, har da haɗarin dainawa lokaci guda.

A nan nake ganin giɓin yake. Tun 1984 aka shigar da rukunin magungunan da diyazafam ke ciki ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan sa ido ga irin waɗannan magunguna, a Najeriya kuma ba a halatta sayar da shi sai da takardar likita. Sai dai hankalinmu ya fi karkata ga wanda ya sayar da wanda ya saya. Hukumar NDLEA kan kama kwalaye, a nuna su a talabijin, alhali dattijuwar da aka yi shekaru ana sabunta mata takarda babu mai tambayar yaushe za a fara rage mata.

Wani zai ce, tunda matasa sun mai da shi abin maye, me zai hana a haramta shi kamar yadda aka yi wa maganin tari mai kodin a 2018? Hujjar tana da nauyi, musamman da yake haɗa shi da barasa ko kodin kan danne numfashi har rai ya yi halinsa. Amma diyazafam na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya; da shi ake tsayar da jijjigar da ta ƙi tsayawa, kuma asibitin ƙauye ba zai iya yi ba tare da shi ba. Wanda jikinsa ya riga ya saba kuwa, in aka rufe masa ƙofa rana ɗaya, kasuwar bayan fage zai nufa.

Farfesa Heather Ashton, wadda ta yi shekaru goma sha biyu tana kula da irin waɗannan marasa lafiya a Newcastle, ta nuna cewa ragewa sannu a hankali, wani lokaci tsawon watanni, ita ce hanyar fita. Ya kamata ƙa'ida ta wajabta wa mai rubuta maganin ya sa ranar sake dubawa da tsarin ragewa a kan takardar farko, mai kemis kuma ya ƙi sabunta takardar da ba ta ɗauke da su.