Ciwon Ƙugu da Mara Bayan Haihuwa: Abin da Ya Kamata Iyali Su Sani

Bisa al'adar Hausawa, idan mai jego ta yi arba'in sai a ce ta fita, watau ta koma ga hidimar gidanta. Amma akwai mata da yawa waɗanda sukan kai wata uku, ko shida, ko fiye, suna fama da ciwo a ƙugu ko a mara. Kunya takan hana su faɗi, manya kuma sukan ce ai haka haihuwa ta gada. Wannan kuskure ne. Ciwon da ya zarce arba'in yana da dalili, kuma galibinsa yana da magani.

ABIN DA KE KAWO SHI

Lokacin goyon ciki, jijiyoyin da ke ɗaure da ƙasusuwan ƙugu sukan yi laushi domin jariri ya sami hanya. Wani lokaci mahaɗin ƙashi na gaba, a ƙasan mara, ko na baya, ba ya komawa daidai da wuri. Irin wannan ciwo yakan tsananta wajen hawan bene, da juyawa a kan gado, da tsayawa da ƙafa ɗaya. Haka kuma tsokar da ke riƙe da mafitsara da mahaifa takan saki ko ta yage, musamman bayan doguwar naƙuda. Sauran dalilai sun haɗa da tabon ɗinki ko na tiyata, da zazzagowar mahaifa, da ƙwayoyin cuta a mahaifa ko mafitsara. Likita ne kaɗai zai iya rarrabe su, domin maganin wannan dabam ne da na wancan.

ALAMUN DA BA SU JIRAN GOBE

Lalle ne a gaggauta kai mai jego asibiti idan ciwon ya zo da zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jini mai yawa, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko kasa taka ƙasa. Haka nan idan fitsari ko bayan gida yana zuba ba tsayawa. Yoyon fitsari yana gyaruwa, har akwai cibiyar ƙasa ta musamman dominsa a Babbar Ruga, Katsina.

INDA ZA A NEMI TAIMAKO

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada cewa a duba mai jego sau 4: cikin awa 24 na farko, da rana ta 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na 6. Wannan awo na ƙarshe yakan zo kusan daidai da arba'in, kuma nan ne ya kamata mace ta bayyana ciwonta filla-filla: inda yake, da lokacin da yake tashi, da abin da yake hana ta yi. Mazauna Gwarinpa suna iya farawa da Babban Asibitin Gwarinpa. Idan abin ya fi ƙarfin nan, akan tura su Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda aka buɗe a 1999, ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada.

YADDA AKE MAGANINSA

Mafi yawan masu wannan ciwo ba su bukatar tiyata. A sashen gashi akan koya wa mace motsa jiki, akan kuma ba ta ɗamarar ƙugu idan ta dace. Wani motsi mai sauƙi shi ne ta matse tsokar gabanta kamar mai riƙe fitsari, ta ƙirga biyar, ta saki, sau 10, safe da rana da dare, har wata uku. Amma idan matsewar tana ƙara ciwo, sai ta dakata ta koma ga likita. Ta riƙa zama wajen sa tufafi, ta kwanta da matashi tsakanin gwiwoyinta, ta guji ɗaukar jarkar ruwa. Farasitamol bai hana shayarwa ba, amma kodin da tiramadol suna bi ta cikin nono, suna iya taɓa numfashin jariri. Ruwa mai ɗumi yana sassauta ciwo, sai dai tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna cewa wankan jego da tafasasshen ruwa, da yawan shan kunun kanwa, suna da alaƙa da ciwon zuciya ga masu jego.

NAUYIN DA KE KAN MAIGIDA

Da yawa daga cikin magidantan Gwarinpa aiki ne ya kawo su, sun baro iyaye da dangi a garuruwansu. Mace takan haihu babu gwaggo ko inna a kusa, ga reno, ga girki, ga komawa ofis. Sabili da haka wajibi ne maigida ya ɗauke mata aiki mai nauyi, ya raka ta asibiti, ya kuma yi haƙuri idan kwanciyar aure tana yi mata zafi, domin wannan ma alama ce da ya kamata likita ya sani. Idan ciwo ya jawo mata rashin barci da yawan baƙin ciki, shi ma a faɗa. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, lafiyar uwa kuwa ita ce ta jariri da ta gida baki ɗaya.