Karen Springer Spaniel: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

English Springer Spaniel karen farauta ne na Ingila, mai dogayen kunnuwa da ƙarfin hanci. Aikinsa shi ne ya kutsa cikin duhuwa ya tayar da tsuntsu, maharbi ya harbo, shi kuma ya ɗauko. Tun 1902 ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa. Yawancin shaci-faɗin da ake yi a kansa daga manta wannan asali ya samo tushe.

Wai tunda ba ƙato ba ne, zagayen tsakar gida ya ishe shi. Ƙarya ne. Nauyinsa bai cika wuce kilo 25 ba, amma Kennel Club ta ce yana bukatar motsa jiki fiye da awa biyu kullum. Idan aka kulle shi, sai ya huce a kan takalma da kujeru, ya tone fili, ya cika unguwa da haushi.

Wai ciwon kunne ya fi kama shi. Wannan gaskiya ne. Kunnuwan a rufe suke, iska ba ta ratsawa, ga shi da son faɗawa ruwa. In ka ga yana kaɗa kai, yana susa, ko kunnen na wari, kai shi wurin likitan dabbobi. A duba kunnen kowane mako, a tsane shi bayan iyo.

Wai dole a yanke masa wutsiya. Ba haka ba ne. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta haramta hakan a Ingila da Wales. An keɓe karnukan aiki, su ma sai likita ne zai yanke, kafin ɗan kwikwiyo ya wuce kwana biyar.

Wai sojoji na aiki da shi. Tabbas. A 2003 wani karen irin nan mai suna Buster ya bankaɗo makaman da aka ɓoye a garin Safwan na Iraƙi, har aka ba shi lambar yabo ta Dickin.

Wai duk abin da mutum ya ci, shi ma zai ci. Kul! Albasa da inabi da cakulan guba ne gare shi.

Karen nan kan rayu shekara 12 zuwa 14. Wanda ba shi da awa biyu a kullum har tsawon wannan lokaci, ya nemi wani iri.